Ranar da Tiribil Suka Binne Kyaftin Kirk

Ranar Juma'a, 29 ga Disamba, 1967, gidan talabijin na NBC da ke Amurka ya haska wani kashi na shirin Star Trek mai suna "The Trouble with Tribbles". Masu bin shirin sun saba ganin Kyaftin James Kirk yana gwabzawa da dodanni, ko yana yi wa sarakunan wasu duniyoyi nasiha, ko yana jayayya da kwamfuta har ta rikice ta kama hayaƙi. A wannan dare kuwa, abin da ya gagare shi wata 'yar halitta ce dunƙulalliya mai laushin gashi, ba ido, ba ƙafa, ba haƙori, wadda ba ta san komai ba sai ci da haihuwa. Sunanta tiribil. Kashi 79 aka yi na shirin na asali tsakanin 1966 da 1969, amma ko wanda bai taɓa zama ya kalli ɗaya ba, mai yiwuwa ne ya taɓa ganin hoton Kirk a tsaye cikin tulin tiribil har ƙirji, fuska a murtuke, wata na faɗo masa a ka. Me ya sa kashin da aka yi don a ba mutane dariya ya fi yawancin waɗanda aka yi don a sa su tunani tsawon rai?

Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiro Star Trek, kamfanin Desilu na Lucille Ball kuma ya ɗauki nauyinsa. Labarin wani jirgin sararin samaniya ne mai suna Enterprise, a ƙarni na 23, wanda ke yawon gano sababbin duniyoyi a madadin Tarayyar Duniyoyi. William Shatner shi ne Kirk. Leonard Nimoy shi ne Spock, mataimakinsa mai tsinin kunne, wanda ubansa ɗan duniyar Vulcan ne, mutanen da suka haramta wa kansu nuna fushi ko murna. DeForest Kelley shi ne Dakta McCoy, likita mai saurin hasala da taushin zuciya. Ga Scotty babban injiniya, ga Uhura mai kula da sadarwa, ga Chekov, saurayi ɗan Rasha da aka shigo da shi a zango na biyu. Abokan gabarsu su ne Kilingonawa, masu daular da ba ta san komai ba sai yaƙi, waɗanda mai kallo a Amurkar wancan lokaci ke gani ya tuna Tarayyar Sobiyet. Roddenberry ya ɗauki shirinsa da muhimmanci ƙwarai. Yana son ya yi maganar yaƙi da wariyar launin fata da zalunci a bayan labule, tunda masu tace shirye-shirye ba za su bari a faɗe su ƙarara ba. A cikin irin wannan gida ne aka saki tiribil.

Labarin ya fara ne da tashin hankali. Tashar sararin samaniya mai suna K-7 ta aiko da kiran neman agaji mafi girma, irin wanda ba a yi sai an ga halaka ido da ido. Enterprise ta taho a guje, an ɗana makamai, ana zaton Kilingonawa sun kawo hari. Da isowa sai aka tarar komai lafiya lau. Wanda ya yi kiran wani babban jami'in aikin gona ne na Tarayya, Nilz Baris, kuma buƙatarsa ita ce a ba shi masu gadi su tsare masa rumbunan hatsi. Kirk ya cika ya yi fam. A kira jirgin yaƙi mai ɗauke da mutum sama da 400 don gadin alkama? Ya ba da masu gadi biyu cikin raini ya juya. Bai jima ba wani admiral ya kira shi ya umarce shi da ya ba Baris duk taimakon da yake so.

Hatsin ba na banza ba ne. Akwai wata duniya, Sherman, da Tarayya da Kilingonawa ke taƙaddama a kanta. Yarjejeniyar sulhun da aka tilasta musu ta ce wanda ya nuna ya fi iya raya ta shi zai mallake ta. Wannan hatsi, kwadirotiritikeli, shi ne kaɗai irin Duniyarmu da ke yi a ƙasar Sherman. Kowa a jirgin ya san da zamansa in ban da kyaftin, kuma duk lokacin da ya buɗe baki sai wani ya nuna masa ya riga shi sani, har Chekov, wanda ya ce ai mutanen Rasha ne suka samar da shi. Wannan hali ne na Chekov: a wurinsa babu wani abin kirki a duniya da ba a Rasha aka fara shi ba, har giyar Sikotland cewa ya yi wata 'yar tsohuwa ce a Leningrad ta ƙirƙiro ta. Ana cikin haka sai ga jirgin Kilingonawa ya iso, kyaftin ɗinsu Koloth yana murmushi, yana cewa mutanensa hutu kawai suka zo. Kirk ya yarda su sauko goma sha biyu-goma sha biyu, kowanne da mai gadi a bayansa.

A mashayar tashar ne Uhura ta haɗu da Cyrano Jones, wani ɗan koli mai ƙaton ciki da zaƙin baki, wanda aljifansa ke cike da tarkacen da babu mai so. Ya ciro tiribil guda, ta yi wani ɗan kuka mai daɗi, Uhura ta narke. Bayan doguwar tayayya da mai mashaya, suka daidaita a kan kuɗi shida, shi kuma zai sayar goma. Jones ya ba Uhura tata kyauta, don ya san idan aka gan ta a hannunta kowa zai nema. A wannan wuri akwai abin da mai kallon farko ba ya ɗauka da muhimmanci: tiribil ɗin tana kan tebur tana tsintar 'yan ƙwayoyin hatsin da suka zube daga ƙullin da ke hannun Chekov. Marubucin ya riga ya gaya maka ƙarshen labarin, kai kuwa kana can kana dariyar ciniki.

Washegari tiribil ta haihu. Ma'aikatan jirgi suka yi ta rabo, kowa na shafa tasa. Spock ya ɗauki guda, ya bayyana cewa kukanta yana kwantar da jijiyoyin ɗan Adam, amma shi wannan ba ya tasiri a kansa. Yana faɗa yana shafa ta, muryarsa na yin ƙasa-ƙasa, har sai da ya ɗaga kai ya ga kowa shi yake kallo. Ya ajiye ta ya fita bai ce uffan ba. Nimoy bai yi murmushi ba, bai kashe ido ba, kuma daƙiƙun nan kaɗan sun faɗi abin da kashi goma ba su faɗa ba a kan mutumin da ke ɓoye rabin jininsa na ɗan Adam. McCoy kuma ya kai guda ɗakin gwaji, ya dawo da labarin cewa kusan rabin aikin jikinta na haihuwa ne, daga baya ma ya ce bisa ga dukkan alamu da ciki ake haifarsu. Kafin a ce kwabo sun cika ko'ina. Kirk ya zo zama a kujerarsa ta mulki ya zauna a kan wata. Ya je karɓar abinci daga na'ura, ya tarar da su a farantinsa, wata a cikin kofin gahawarsa.

Wurin da ya fi kowane daɗi a wajena shi ne faɗan mashaya. Scotty ba ya son hutu, shi dai a bar shi da mujallun injiniyanci. Kirk ya tilasta masa sauka don ya hana yara rigima. Wani ɗan Kilingon, Korax, ya zo ya tsaya a kansu ya fara zagin Kirk: mai girman kai, mai kama-karya, mai jin kansa ubangiji. Chekov ya zabura, Scotty ya danne shi, yana ba shi haƙuri, cewa kowa na da ikon faɗin ra'ayinsa, ai sun fi ƙarfin zagi ya dame su. Sai Korax ya juya kan Enterprise, ya ce kwalekwalen kwasar shara ce. Scotty ya miƙe a hankali ya nemi ya gyara maganarsa. Korax ya gyara: ba kwasar shara ta dace da ita ba, ita kanta ya kamata a kwashe a zubar. Naushin da ya biyo baya ya jefa shi bayan tebur. Mashaya ta hargitse, kujeru na tashi, shi kuwa Cyrano Jones ya lallaɓa bayan kanta yana zuba wa kansa abin sha kyauta, yana kaucewa masu dambe da kofi a hannu ba tare da ɗigo ya zuba ba, har ya kai ƙofa, inda mai mashaya ya shigo ya karɓe kofin.

Dariyar gaske tana bayan faɗan. Kirk ya jera mutanensa yana tambayar wanda ya fara kai hannu, kowa ya ce bai sani ba. Ya sallame su ya riƙe Scotty, wanda ya amsa cewa shi ne. Kirk ya tambayi dalili, Scotty ya maimaita masa zagin da aka yi masa kalma-kalma. Fuskar Kirk ta fara sakewa, yana zaton don kare mutuncinsa aka yi. Scotty ya ce a'a, wannan ai sun shanye, sai da aka taɓa jirgi. Dubi fuskar Shatner a nan: mutum ne da ya gano cewa a zuciyar injiniyansa injin yana gaba da shi, kuma ba shi da bakin ƙorafi, don shi ma jirgin nan ya fi so a kan kowa. Ya yanke wa Scotty hukuncin zaman ɗaki. Scotty ya yi godiya da fara'a, don yanzu zai sami sukunin karanta mujallunsa.

Daga nan aka gane cewa tiribil ta hanyoyin iska suke bi, kuma irin hanyoyin nan akwai su a rumbunan tashar. Kirk ya ruga. Ƙofar rumbun tana sama da kansa, ta ƙi buɗuwa, ya yi ta fama har ta buɗe, tiribil suka kwararo masa. Hatsi ya ƙare ƙaf. Duk manomin da ya taɓa buɗe rumbunsa da bazara ya tarar ƙwari sun mayar da dawa gari, ya san abin da ke zuciyar Baris a wannan lokaci. Spock, ba tare da an tambaye shi ba, ya ba da adadi: 1,771,561. Lissafin kuma daidai yake, kana iya gwadawa. Tiribil guda tana haihuwar goma duk awa 12, wato ɗaya ta zama 11. Kwana uku awa 72 ne, haihuwa shida ke nan: 11, sai 121, sai 1,331, sai 14,641, sai 161,051, sai 1,771,561. Ina ganin wannan ƙaramin abu yana cikin sirrin kashin. An yi wasa, amma ba a raina hankalin mai kallo ba.

Sai aka lura da yawa cikin tiribil ɗin sun mutu, wasu na shirin mutuwa. McCoy ya gano an sa wa hatsin wata ƙwayar cuta da ke hana jiki amfana da abinci: iya cinka, iya toshewar jikinka, har yunwa ta kashe ka da cikinka a cike. A ofishin shugaban tasha, Koloth na neman a ba shi haƙuri a hukumance, Baris na zargin Cyrano Jones da leƙen asiri, sai mataimakin Baris, Arne Darvin, ya shigo daidai lokacin da ake fita da wasu tiribil. Suka ƙwalla ƙara. An riga an nuna mana cewa suna son mutane amma ba sa jituwa da Kilingonawa. Kirk ya kai su kusa da Spock, suka yi luf. Ya kai su kusa da Baris, suka yi luf. Ya kai su kusa da Darvin, suka haukace. McCoy ya auna shi ya ce bugun zuciyarsa da zafin jikinsa ba na ɗan Adam ba ne. Ɗan Kilingon ne da aka sauya wa kama, shi ya sa gubar. Aka ba Koloth awa shida ya bar yankin. Jones kuma aka ba shi zaɓi: ɗaurin shekara 20, ko ya tsince tiribil ɗin tashar ɗaya bayan ɗaya, aikin da Spock ya ƙiyasta zai ci shekara 17.9. Na cikin Enterprise kuwa, Scotty ya tura su gaba ɗaya ɗakin injin jirgin Kilingonawa kafin ya tashi.

Abin da na yarda ya raya wannan kashi shi ne, babu wanda ke cikinsa da ya san barkwanci ake yi. Kirk da gaske yake fushi, har ciwon kai ya kai shi wurin likita. Spock da gaske yake lissafi. Scotty da gaske yake ƙaunar jirginsa. Ba a sa wa kowa hular wawa ba, ba a ƙirƙiro wa kowa sabon hali ba. An ɗauki halin da mai kallo ya san kowannensu da shi, halin da ke ceton rayuka a sauran kasusuwan shirin, aka ajiye shi gaban matsalar da ba ta jin bindiga, ba ta jin jawabi, ba ta jin dabara. Jarumtar Kirk ba ta da amfani a kan abin da ba ya faɗa da shi. Ba za ka harbi abin da ke kwance a hannunka yana maka kukan daɗi ba. Barkwancin da ke dogara ga ɗan wasa ya murguɗa baki ko ya faɗi ƙasa yakan tsufa da wuri. Wanda ya fito daga halin mutum kuwa, duk lokacin da ka ƙara sanin mutumin sai ya ƙara ba ka dariya. Shi ya sa masoyan shirin ke kallonsa sau da yawa ba su gaji ba.

Akwai kuma abin da masoya ba su cika son faɗa ba: Baris ne mai gaskiya. William Schallert ya fito da shi a matsayin jami'in gwamnati mai tsiwa da barazana, wanda kowa ke jin daɗi idan Kirk ya yarfa shi. Amma ya ce hatsin na cikin haɗari, kuma yana ciki. Ya ce Kilingonawa na da ɗan leƙen asiri a tashar, kuma suna da shi. Kuskurensa ɗaya ne: ya zura ido ga baƙon ɗan koli, ɓarawon kuwa na riƙe masa da takardu. Kirk ma bai fita ba. Ya raina aikin tun farko don a ganinsa gadin abinci bai kai darajar soja ba. Da an bi ta tasa, da an loda hatsi mai guba an kai Sherman, mutane su ci su mutu da yunwa, duniyar kuma ta faɗa hannun abokan gaba ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Ɗan hakin da kowa ya raina shi ya tona asirin duka. Tiribil suka ci gubar suka mutu a madadin mutane, suka nuna maci amana, sakayyarsu kuma aka jefa su hannun waɗanda suka fi tsanarsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ya kalli wannan a 1967 ba zai ji maganar hatsi a matsayin makami baƙuwa ba. Amurka da Sobiyet na gasar jawo ƙasashe masu tasowa da madatsun ruwa da taraktoci da jiragen abinci, kowa na son nuna cewa tsarinsa ya fi iya ciyar da mutane. Fari ya buga Indiya a 1965 da 1966, Amurka ta aika miliyoyin tan na alkama, amma Shugaba Lyndon Johnson ya riƙa sakinta kaɗan-kaɗan don ya matsa wa gwamnatin Indiya lamba. A 1966 Indiya ta sayo tan 18,000 na irin gajeriyar alkamar da masanin noma Norman Borlaug da abokan aikinsa suka inganta a Meziko. Hatsin labarin ma yana da tushe na gaskiya. Tiritikeli auren alkama ne da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. An fara gwada haɗin a Sikotland da Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a shekarun da ake yin shirin Jami'ar Manitoba da ke Kanada na aiki tuƙuru a kansa, abin da ya sa Spock ya ambaci Kanada da yake ba da tarihinsa. Ba na cewa marubucin ya zauna ne don ya yi sharhin siyasar abinci. Abin da nake cewa shi ne, an gina wasan a kan ƙasa mai ƙarfi: wanda ya riƙe iri shi ya riƙe gari.

Marubucin, David Gerrold, yana da shekara 23, kuma wannan ne rubutu na farko da ya taɓa sayarwa. Ya aika wa shirin wasu dabarun labari, furodusa Gene Coon ya ga alamar basira ya ba shi dama. Coon shi ne ya ƙirƙiro Kilingonawa a zangon farko, kuma shi ne mai kunnen barkwanci a cikin manyan shirin. A tsarin Gerrold na farko kamfanoni ne ke rikici a kan hatsin, daga baya aka mayar da su Kilingonawa, abin da ya ba labarin nauyi. Gerrold ya ce zomayen Ostareliya ne a ransa. A 1859 wani Bature mai gona, Thomas Austin, ya saki 'yan zomaye a yankin Victoria don ya riƙa farauta. Babu dabbar da ke cinsu yadda ya kamata a can, suka yaɗu suka cinye makiyaya, har gwamnati ta gina shingen waya mai tsawon dubban kilomita a farkon ƙarni na 20, bai tsayar da su ba, sai da aka saki musu cuta a 1950. Hujjar da Spock ya kafa wa Jones ke nan: ka cire halitta daga inda ake cinta ka kai ta inda abinci ke zube, me kake tsammani? Masu binciken kamfanin sun lura cewa tiribil sun yi kama da wasu halittu a littafin marubuci Robert Heinlein na 1952, The Rolling Stones. Aka tuntuɓe shi, ya yafe, abin da ya nema kawai kwafin rubutun da sa hannu, ya kuma ce shi ma daga wani tsohon labari na 1905 a kan haihuwar ɓerayen Masar a tashar jirgin ƙasa ya samo tasa dabarar.

Aikin hannu ne aka yi, ba kwamfuta. Wah Chang ya zana siffar, aka ɗinka kimanin 500 da gashin roba. An cusa wa wasu injin karnukan wasan yara don su yi tafiya, wasu aka sa musu 'yar jakar iska don a ga kamar suna numfashi. Kukansu kuwa an haɗa shi ne da sautin kurciya da na mujiya da aka sarrafa. Joseph Pevney ya ba da umarni, kuma sau takwas aka ɗauki wurin rumbun, ma'aikata na sama suna jefo wa Shatner tiribil ɗaya-ɗaya ba su ma ganin inda suke sauka. Haushin da ke fuskarsa ba duka ne na wasa ba. George Takei, ɗaya daga cikin 'yan wasan shirin, ba ya nan, yana can yana fim da John Wayne, shi ya sa rabonsa ya koma ga Walter Koenig mai fitowa a Chekov. Mai kaifin ido kuma zai ga wani abu a wurin da Scotty ya shigo rungume da tiribil: James Doohan, mai fitowa a Scotty, ba shi da yatsan tsakiya na hannun dama. Ya rasa shi ne a 1944, ranar da sojojin ƙawance suka sauka Normandy, yana cikin rundunar Kanada. Yawanci akan ɓoye hannun, nan kuwa ya fito.

Ba kowa ne ya so kashin ba, ko a cikin gida. Wasu daga cikin manyan shirin sun ji tsoron kada a mayar da jarumansu abin wasa, kuma Gerrold ya sha ba da labarin yadda furodusan zango na uku ya ƙi karɓar ci gaban labarin, yana cewa Star Trek ba shirin barkwanci ba ne. Tsoron nasu yana da kan gado. Kilingonawan wannan kashi ba su da ban tsoro. Koloth, wanda William Campbell ya fito a matsayinsa, ya fi kama da ɗan gaye fiye da mayaƙi. An kuma wuce maganar yunƙurin kashe al'umma guda da yunwa cikin sauri, kamar ƙaramin laifi ne. Wannan na biyun yana damuna, kuma da an ba shi ko minti ɗaya na shiru da kashin ya ƙara girma. Amma a kan babbar maganar ban bi bayansu ba. Jarumin da ba a taɓa ganin ya ji kunya ba gunki ne, ba a ƙaunarsa, sai dai a yi masa kallon nesa. Bayan ka ga Kirk da tiribil a ka, ranar da ka gan shi yana kukan rashin wani sai ka fi yarda da hawayen.

Lokaci ya goyi bayan Coon da Gerrold. A 1968 kashin ya shiga takarar lambar Hugo ta ƙagaggun labaran kimiyya, shekarar da duka biyar ɗin da ke takara a rukunin na Star Trek ne, "The City on the Edge of Forever" ya lashe. A 1973 tiribil suka dawo a shirin Star Trek na zane, Gerrold kuma ya fitar da littafi sukutum a kan yadda aka yi kashin. A 1996, don bikin cika shekara 30, masu shirin Deep Space Nine, wani reshen Star Trek na baya, suka mayar da jarumansu baya cikin zamani zuwa tashar K-7, aka saka su da kwamfuta cikin ainihin hotunan 1967. Charlie Brill ya dawo a matsayin Darvin da ya tsufa yana neman fansa. A can ne aka ba da amsar abin da ya daɗe yana ba masoya dariya, wato wane ne ke jefo wa Kirk tiribil ɗaya-ɗaya: biyu daga cikin jaruman sabon shirin, Sisko da Dax, ne a cikin rumbun suna neman bam. A can ne kuma Worf, ɗan Kilingon ɗin da ke cikin jaruman, ya bayyana cewa daular Kilingon ta ɗauki tiribil a matsayin manyan abokan gaba, ta tura mayaƙa har ta shafe su. Ko ɗakin binciken kimiyya sun shiga. A shekarar 2000 masu nazarin ƙudan 'ya'yan itace suka sa wa wata ƙwayar gado sunansu, domin idan ta lalace ƙwayoyin jiki kan yi ta rabuwa kafin lokaci.

Ga wanda bai taɓa kallon Star Trek ba, shawarata kada ya fara da wannan. Ya fara da "Errand of Mercy", ya ga Kilingonawa da haƙoransu. Ya kalli "Amok Time", ya ga abin da Spock ke dannewa a ƙirjinsa. Ya kalli "The City on the Edge of Forever", ya ga abin da aiki ke ƙwacewa daga Kirk. Idan ya san su, sai ya zo tashar K-7. Kimanin minti 50 ne, kuma ya sa ido a kan teburin mashaya tun daga farko.